Motar da Tsintau Ya Kushe

Sunan da aka raɗa masa bai bi shi nesa ba. Tun yana saurayi ya koma Tsintau a bakin kowa, har 'ya'yansa ma sai a takardun makaranta suke ganin na yankan. Ya rasu wata ranar Talata a ƙarshen daminar bara, ya haura shekara saba'in. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da wata mota mai ƙofa uku a tsakar gidansa.

Sana'arsa ita ce tsintar tsofaffin motoci, waɗanda aka daina ƙerawa tun da daɗewa, irin waɗanda masu hali ke saya su gyara su ajiye don sha'awa. Yakan hau babur ɗinsa da hantsi, ya bi unguwa-unguwa yana leƙen katanga. Idan ya hango tamfol a bayan gida, daga yadda ya kwanta a kan abin da ya rufe yake gane ƙirar motar. Ya sha tono motoci daga ƙarƙashin tarin itace, da garejin da aka mayar ɗakin kaji. Duk kuma ya miƙa su ga wasu, bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

"Kai dai, Malam, direban amarya ne," in ji matarsa. "Kullum ka kai wa wani, ka dawo kai kaɗai."

Shi kuwa yakan ce tasa tana nan tafe. Mota ɗaya yake nufi: wata 'yar koriya mai fitilu zagayayyu a tsaye bisa kafaɗunta, gaban direba na katako, ƙofofinta na gaba kuma a baya maƙalarsu take, don haka ta gaba suke buɗewa. Kaɗan aka taɓa shigowa da su. Mahaifinsa direban wani likita ne mai irinta, kuma duk ranar wanke ta yakan ɗora Tsintau a cinya ya bar shi ya riƙe sitiyari. Bayan rasuwar mahaifin, bai sake ganin irinta ba ko a hanya.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida guda da ba sa karyawa. Ba a yabon mota a gaban mai ita. Kushe ta ake yi, a ƙwanƙwasa nan, a girgiza kai, a tafi ba a yi tayi ba. Sai an bar mai ita kwanaki yana juya maganar a ransa, sannan a dawo kamar hanya ce ta biyo, a saya da sauƙi. Tsintau ne ya koya wa rabin dillalan garin wannan dabara, kuma babu wanda ya kai shi iya ta.

A shekarar da idonsa ya fara dushewa, har likita ya ce masa hawan babur ya kusa ƙarewa, wani mai gyaran famfo ya tsegunta masa cewa akwai abu a rufe a bayan gidan wata Hajiya da mijinta ya rasu. Ya je, ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, ta kai shi wurin da kanta. Da ya ɗaga gefen tamfol ɗin, sai da ya dafa katanga. Ita ce. Fentin ya koɗe, tayoyin sun kwanta, amma ko madubi bai ɓace ba. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ta ba da wannan sauti mai nauyi da kunnensa bai manta ba tun yarinta.

"Ta maigidana ce, Allah ya ji ƙansa," in ji Hajiya. "Kullum cewa yake babu irinta."

Amma bakin Tsintau ya riga ya saba da aikinsa.

"Gaskiya ya faɗa, Hajiya, babu irinta. Shi ya sa ko noti ɗaya ba za ki samu a kasuwa ba." Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasanta, wanda lafiyarsa ƙalau. "Kin ji? Tsatsa ta gama da ita. Injin ma ya daskare."

"Ashe ba ta da mamora?"

"Wannan ai sai 'yan gwangwan."

Ya yi mata sallama ya fito. A gida ya kasa cin abinci. Ya share tsakar gida, ya kawar da randa da igiyar shanya, yana auna wuri da taku.

"To, ka koma ka saya mana," in ji matarsa.

"Ba a haka. Sai ta huce."

"Motar ce za ta huce ko matar? Malam, abin da ka nema tun ban san ka ba, shi za ka yi wa jan aji?"

Bai saurare ta ba. Ya daure har mako ya zagayo, sannan ya sa riga mai kyau ya koma, yana shirya yadda zai ce wucewa yake yi. A bayan gidan bai tarar da komai ba sai tamfol a ninke, da gurbin taya huɗu a ƙasa, da baƙin tabon mai.

"Allah ya saka maka da alheri, Malam," in ji Hajiya, fuskarta a sake. "Na daɗe ina jin nauyin rabuwa da ita, ina tsammanin wani abin kirki ce. Da ka gaya mini gaskiya, sai na sa aka kira 'yan gwangwan ɗin. Shekaranjiya suka ja ta."

Ya tambayi inda suke kawai, ya hau babur.

Filin 'yan gwangwan yana bayan kasuwa, tsibin ƙarfe ko'ina, ga babban sikeli a rataye, ga ƙarar guduma. Da idonsa mai hazo ya yi ta bin tsibi-tsibi yana neman kore. Abin da ya fara gani rufinta ne, an yanke shi an jingine, wani ya ɗora kwanon abincinsa a kai. Gangar jikin tana gefe, an raba ta biyu da wuta. Injin yana kife cikin laka.

"Ku tsaya," ya ce. "Don Allah ku tsaya."

Ubangidan filin, wani ƙato mai safar hannu, ya kashe wutar yankan ya dube shi.

"Baba, lafiya?"

"Ɗana, ka san abin da ka yanka? Duk ƙasar nan da wuya a sami ta biyu."

"Mu ƙarfe muke saye, Baba, ba tarihi ba. Matar ma cewa ta yi wani babban masani ya duba ya ce ta mutu." Ya ƙare masa kallo. "Ko kai ne masanin?"

Masu guduma suka yi dariya. Tsintau, wanda bai taɓa yabon mota a gaban mai ita ba, ya tsaya cikin laka yana yabon guntaye. Ya faɗi kyan katakon, ya faɗi ƙarkon injin, ya roƙa, har ya kama hannun mutumin. Wannan karon babu ciniki; abin da aka yanka masa shi ya karɓa, kuma babur ɗin ne ya tafi a kai. Suka tattara masa komai a amalanke. Sai da ake lodi ya lura ƙofofi uku ne.

"Ta direban fa?"

"Ta bi babbar mota jiya, da kayan da aka kai narkarwa."

Washegari ya shiga motar haya zuwa masana'antar narka ƙarfe. Mai gadi ya hana shi shiga, ya wuni a bakin ƙofa yana tare direbobi, yana kwatanta musu ƙofa koriya mai maƙala a baya. Babu wanda ya gan ta. Ya koma sau da dama, har suka fara gaishe shi da Baba Mai Ƙofa.

Sauran kwanakinsa a tsakar gida ya yi su. Wani mai walda, abokinsa na tun ƙuruciya, ya haɗa masa gangar jikin, ya mayar da rufin, ɗinkin yana nan a fili kamar tabon tiyata. Injin, da kansa ya kwance shi ya wanke. Da ido ya ƙi, sai ya koma aiki da yatsu, matarsa na miƙa masa sifana tana karanta masa lambar da ke jiki. Ba ta taɓa ce masa ai ta faɗa ba. 'Ya'yansa suka so a kai shi aikin ido, ya ce sai ya gama. Ya aika wa duk dillalin da ya taɓa koya wa sana'a cewa yana neman ƙofa, ko ta wane launi. Wasu suka yi alkawari, wasu suka ce tsufa ne.

Da ya fid da rai, ya yanke shawarar a ƙera. Ya sa aka kwanto ƙofar ɗaya gefen, aka kwantar da ita a kan babban kwali, yana lalube yana bin gefenta da alli, domin mai walda ya juya zanen ya yanko irinta. Ya zana sama, ya zana gefen maƙala, ya gangaro ƙasa. A nan ya ce wa matarsa kansa yana juyawa, bari ya ɗan kishingiɗa kafin la'asar. Ranar Talatar ce, kuma bai sake tashi ba.

Kwalin yana nan jingine a jikin motar, daidai inda ƙofar direba ya kamata ta kasance, da guntun allin a kan kujera. Gefe ɗaya ya rage bai zana ba.