Dutsen da Na Share da Tsintsiya

Ni ba mai son fita ba ce tun ina yarinya. Ko biki anka yi a unguwa, ni ake bar wa tsaron tukunya, kuma ban taɓa jin haushi ba, don duk wadda ta je ta dawo, nan tsakar gida za ta zauna ta zazzage mini labari har da wanda ba ta yi niyyar faɗi ba. Shi ya sa sana'ar duwatsun ado ta dace da ni, zaune ake yin ta. A Marnona na koya wurin kakata, na zo da ita Rabah da aure. Na yi shekaru ina jera jigida da abin wuya da 'yan hannu a ɗaki, wata dillaliya tana kai mini kasuwa. Sai da maigidana ya rasu, dillaliyar kuma ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sannan na fara aza lefe a kan cinya ina hawa kabu-kabu. Rabah da Gandi kowane mako, Wurno da Goronyo in salla ta matso.

A Gandi wurin zamana gindin wata tsamiya ne, dab da layin masu nono. Buhu nake shimfiɗawa, in jera jigida gefe guda, 'yan kunne a kan faifai, abin wuya kuma in rataye a igiya tsakanin sanda biyu don rana ta buge su. Mai saye ba ta son a yi mata shiru, ni kuwa dama bakina ba ya gajiya. Kafin mace ta gama juya jigida ɗaya na san garinsu, na san ko amarya ce ko mai jego.

A nan na saba da wata Bafillatana mai sayar da nono da man shanu. Ta girme wa babbar ɗiyata kaɗan. Kullum kusa da ni take sauke ƙwaryarta, wai inuwata ta fi sanyi, amma na san hira ce take so. Kaɗo take ce mini, ni kuma in ce mata 'yar daji. In na sayi nono sai in ce ta zuba ruwa, ita kuma ta ce ai Kaɗo ko ruwan rijiya anka ba shi a farar ƙwarya cewa zai yi kindirmo ne. Haka munka yi shekara uku ko fiye.

Wata ranar kasuwa, saura kwana goma sha wani abu babbar salla, ta jira sai da mutane sunka ragu a gabana, sannan ta kwance wani tsumma daga bakin zanenta. Ƙulli uku anka yi masa. A ciki akwai tsohon abin wuya, irin wanda ban taɓa gani ba don rashin tsari. Duwatsu goma sha ɗaya ne, babu biyu masu kama: ga jan murjani, ga mai kauri irin wanda ake ce wa tsakiya, ga baƙi, ga wani kore kamar fasasshiyar kwalba. A can farkon zaren kuma tsohon kuɗin azurfa ne mai huda. Zaren ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi da man shanu, ya sille a wuri biyu, saura ƙiris ya tsinke.

Ta ce, "Na Inna na. Zare ɗai za ki sake mishi. Ki maida shi yadda shike."

Na ɗaga shi ina dariya, na tambaye ta ko makaho ya jera shi. Ta ce a'a, da idonta Inna ta jera, daga baya ne idon ya tafi. Na ji kunya kaɗan, sai na rufe da wani barkwancin. Ta yi murmushi, amma da ta tashi za ta auna wa wani nono sai ta waiwayo ta sake cewa, "Yadda shike, Kaɗo."

Ba zan ce ban ji ba. Ni da nake jin raɗar da ake yi a rumfa ta uku, sau biyu anka faɗa mini a kunne.

Kuma ba zan ce ban san ƙa'ida ba. Kakata ta koya mana cewa tsohon abu ba a yanka shi a kan ƙoƙo. Tsaga karan dawa ake yi, a kwantar da abin wuyan cikin kwarminsa, a riƙa zare dutse ɗaya daga tsohon zare ana zura shi a sabo, har a ƙare. Aikin ganganci ne kawai ake yankewa duwatsu su zube wuri ɗaya. Amma a lokacin aikin salla ya taru mini, jigidar amare uku na jira, ga 'yan hannu na yara da ake ta aiko mini a kansu. Kuma gaskiyar magana, ba sauri kaɗai ba ne. So nake in burge mai nonon. Na ce a raina waɗannan mutanen daji ba su san abin da ke hannunsu ba, bari in nuna musu aikin gari.

Da hantsi na zauna, na sa reza, duwatsun sunka zube cikin ƙoƙo. Na wanke su da sabulu da tsohon burushi, azurfar na goge ta da lemun tsami da toka har ta yi fari fes. Na sa ta a tsakiya, inda kowa ya san nan ne wurinta. Sai na jera biyar dama, biyar hagu, manya kusa da azurfa, ƙanana can wajen ƙeya. Guda ɗaya ya rage. Ɗan ƙarami ne, launin ƙasa, gefensa ya ɓalle, bakin hudar yana da kaifin da zai ci zare. Ba shi da abokin jeri, ba shi da kyau, ko kyauta na ba yarinya ba za ta karɓa ba. Na aje shi a ƙasa gefen tabarma. Na zura sauran a zaren koma, irin na ragar kifi, wanda ƙanena mai kamun kifi a madatsar Goronyo yake kawo mini, zaren da sai dai wuƙa. Maƙwabta sunka shigo sunka yaba, wata har ta ce in sayar mata. Bayan la'asar na naɗe tabarma, na share tsakar gida kamar kullum, na zuba sharar a juji.

Da kasuwa ta zagayo na miƙa wa mai nonon abin wuyan cikin sabuwar leda, ina jiran ta riƙe baki. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Ta bi duwatsun da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake komawa.

"Goma nag gani," ta ce. "Ina gudan?"

Na ce ai fasasshe ne, zai ci zare, kuma in ta duba yanzu ne abin ya zama abin wuya. Ina cikin bayani ta zauna a kan tushen tsamiyar, ta aje shi a cinya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya mini cewa haihuwar mahaifiyarta goma sha ɗaya, kuma duk haihuwar da ta yi, mahaifinsu yakan shiga kasuwar da ta fi kusa da inda shanu suke ya sayo mata dutse ɗaya, duk irin wanda ya samu. Ba al'adar Fulani duka ba ce, tasu ce su biyu. Azurfar ta aurensu ce, shi ya sa take farko, duwatsun kuma suna biye yadda 'ya'yan sunka biyo juna. Tun da idon tsohuwar ya rufe, kowace safiya bayan salla takan bi su da yatsa, ta yi wa kowa addu'a, masu rai da waɗanda sunka riga mu. Ita mai nonon auta ce, nata dutsen kaɗai ta sani, koren nan na ƙarshe. Dama ce wa tsohuwar ta yi mako ɗaya kawai za a yi.

Ranar ban san mi na sayar ba. Ina isa gida ko mayafi ban tuɓe ba na nufi juji, sai na tarar da wurin an kwashe shi tas. Lokacin kai taki ne, ƙanen maigidana ya sa jakuna sun kwashe jujin zuwa gona tun kwana uku. Washegari na bi shi gonar da rariya a hannu. Tsibi-tsibi anka zube takin, namu da na gidaje biyu, wasu har an baje. Na tankaɗe abin da zan iya har rana ta take, na sami maɓalli da ƙashin kifi da wani ɗan kunne nawa da ya ɓace tun bara. Dutsen ban gan shi ba.

Abin da na yi bayan wannan ya fi na farko muni, kuma shi ne ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Na zazzage tsohuwar jakar kakata, na sami wani ɗan dutse mai launin ƙasa, girmansu kusan ɗaya. Na ɓalle gefensa da bayan wuƙa, na goga shi a dutsen niƙa don kaifin ya kwanta, na shafe shi da man shanu na rataye a madafa kwana huɗu. Da na sauke shi, ni kaina na kusa yarda. Na ce wa mai nono na same shi a gona, kuma ni da kaina zan je in jera a gaban tsohuwa.

Bayan salla da kwana biyu munka tafi. Kabu-kabu ya sauke mu inda hanya ta ƙare, munka taka sauran. Tsohuwar tana zaune a inuwar bukka, 'yar siririya, hannuwanta a kan gwiwa. Ta amsa gaisuwata da kyau, ta tambayi gida da yara da gajiyar hanya, ta sa anka dama mini fura. Ta riƙa kirana ɗiyata. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ɓarnar da na yi ba, ni ce na fara ba da haƙuri, ta ce in bari, hannu ne, kuma hannu yana kuskure.

Na shimfiɗa ƙyalle, na yanke zaren komar, na tura mata duwatsun gaban hannunta. Ta fara da azurfa. Ta shafa ta, ta ce an goge ta, na ce i. Sai ta lalubo tsakiyar nan mai kauri ta miƙo mini, ta ce, "Wanga na babba na." Ba ta faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Sauran kuwa kowanne takan murza shi tsakanin yatsu biyu, ta faɗi mai shi, wani lokaci har da inda anka haife shi: wannan a bakin gulbi tun ba a yi madatsa ba, wannan shekarar da shanu sunka yi ciwon baki. Ina karɓa ina zurawa. Hannunta bai yi shakka ba har na shida.

A na bakwai ta lalubo nawa. Ta murza shi, ta juya, ta sa farce a wurin ɓallin. Sai ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta aje mini shi a ciki ta rufe yatsuna.

"Wanga ba nawa na ba, ɗiyata," ta ce. "Amma kin sha wahala kansa."

Mai nono ta kalle ni, ta kau da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shiga. Na faɗi gaskiya duka, tun daga tsintsiya har rariya har madafa. Tsohuwar ta saurara har na gama.

Sannan ta gaya mana na wane ne. Namiji ne, a kan hanya anka haife shi suna cikin ƙaura da shanu. Uban ya riga ya sayo dutsen, yaron kuwa kwana uku ya yi, bai kai suna ba. Sunka binne shi a wani daji da ba su sake bi ta cikinsa ba, washegari anka ci gaba da tafiya. Ga surukai a ayarin, ba halin ta yi kuka, sai ta sa dutsen a baki ta cije. Nan ya ɓalle. Autar tata ta san an yi wani da bai rayu ba, amma sai ranar ta ji wannan. Sauran da sunka rasu duk suna da suna, in ji tsohuwar, akwai masu tuna su. Wannan kuwa uban ya rasu, ita kaɗai ta rage da ta ga fuskarsa.

Na tambaye ta mi zan sa a wurin. Na ce ina da murjani na gaske a gida, ta zaɓi duk wanda take so. Ta girgiza kai.

"Ki ƙulla zaren nan. Babban ƙulli, yadda hannuna za shi tsaya."

Na ƙulla sau uku a wuri ɗaya, na zura sauran huɗun, koren a ƙarshe. Ta karɓa ta bi shi tun daga azurfa, leɓunanta na motsi. Da ta zo ƙullin ta tsaya, ta daɗe kamar yadda ta daɗe a kan kowane dutse, sannan ta wuce. Ta rataya shi a wuya ta tura cikin riga. Da zan tafi ta sa anka ba ni man shanu a ƙaramar kwalba, ladan aiki. Na ce ba zan karɓa ba, ta ce in ban karɓa ba to ban yafe wa kaina ba ke nan, kuma ita ba ta son a bar mata wannan a ƙofar ɗaki. Na karɓa.

Rani biyu ta ƙara a duniya. Autar ce ta gaya mini rasuwar a kasuwa, muna zaune gindin tsamiya. Ta ce abin wuyan an ba babbar yayarsu mace, wadda ke aure can nesa wajen kudu, ta zo gaisuwa ta koma da shi. Na tambaye ta ko ta yi wa yayar bayanin ƙullin. Ta ce ta yi, amma ranar gida cike yake da mutane, ana ta shiga da fita, ba ta sani ba ko ta riƙe.