Lallen da Ba Ya Gogewa

Sana'ata ƙunshi, a kanta kuma na fara furfura. A wani lungu na kasuwar Wuse nake zama, cikin shagon wata mai gyaran gashi da ta yaga mini kusurwa. Kujera ɗaya tawa, ɗaya ta wadda za a yi wa, sai bokitin da muke kifawa a ɗora ƙafa. Daga Dei-Dei nake tasowa kullum a motar haya, ledojin lallena a jaka, in iso da warin shanu da garin katako a hijabina. Matan ofis su ne masu riƙe da ni. Sukan zo ranar Juma'a bayan an tashi, waya a kunne, su miƙo mini hannu ba tare da sun dube ni ba.

Ban taɓa fara zane ba sai na riƙe hannun tukuna na jujjuya shi, don kowane hannu da abin da yake so. Mai gajerun yatsu in aka cika mata fulawa sai hannun ya koma dunƙule. Wata jijiyoyinta sun taso, sai in bi su da reshe. Wata kuma zobe ya ci mata yatsa, sai in rufe wurin da ɗigo. Waɗanda suka san ni sun san ba a nuna mini hoto a waya a ce in yi irinsa. In aka nuna sai in ce to, in sunkuya in yi abin da hannun ya nema. An yi fushi da ni a kan haka ba sau ɗaya ba, an kuma dawo.

A hannun yayata na koyi wannan taurin kan. Ƙosai take soyawa a bakin kasuwar katako, direbobin manyan motoci ne masu sayenta. Wata safiya kasko ya goce, mai ya kwaranyo mata a bayan hannun hagu. Ƙunar ta warke ta bar tabo mai sheƙi, faɗin bakin ƙaramin kofin shayi, gefensa a tattare. Lalle ba ya kama tabo, ko ja ko baƙi. In aka sa sai ya zame, in ya bushe ya fito dabbare-dabbare, ya fi tabon muni. Sai Yaya ta daina ƙunshi gaba ɗaya. A gidan biki hannun nan yana naɗe cikin mayafi, ko ana guɗa ana tafi ita ba ta fito da shi.

Wani jajibirin Salla na ce ta kawo hannun. Ta ce in rabu da ita, na ce ba zan rabu ba. Na faro reshe daga wuyan hannu, da ya iso bakin tabon sai na karkatar da shi ya zagaye, na fito da ƙananan ganyaye duk suna kallon ciki, na bar tabon fili yadda Allah ya bar shi. Reshen bai yi zagaye sosai ba, don tabon ma ba zagayayye ba ne. Ta wajen babban yatsa ya ɗan lotsa, can ni ma na lotsa. Da muka wanke na shafa mata mahallabiya, sai ga ƙunar ta zama tsakiyar fure. Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke dai ba kya jin magana." Washegari ɗankwalinta ya sha gyara a gaban baƙi, kuma duk da hannun hagun take gyarawa.

Duk Salla sai na sake mata, haka duk biki, amma ba ta taɓa yarda an ɗauki hannun hoto ba. Da ciwon ajali ya zo mata bai ja lokaci ba. Ina cikin masu yi mata wanka, na ɗaga hannun na ga sauran ganyaye da ƙyar ake gane su. Tun ranar na tsani wannan hali na lalle. Duk abin da na yi da hannuna a duniya, ruwa da sabulu sun cinye shi.

A cikin wannan hali ɗan wata Hajiya ya same ni. Hajiyar babba ce a wata ma'aikata, tsohuwar mai zuwa wurina ce. Ɗan nata ya dawo daga karatu a waje, shi ke kawo ta, ya tsaya a bakin shago yana leƙen abin da nake yi. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙazafi ba. Hausarsa dai irin ta 'ya'yan Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

Wata rana ya ce, "Anti, kai ka san wannan abin da kake yi zinariya ne?"

Na ce, "To Yallaɓai, zinariyar ce ta sa nake goyon buhun wani a cinyata daga Dei-Dei."

Ya yi dariya, ya jawo bokitin ya zauna. Ya ce akwai wata kasuwa a intanet da ake sayar da zane, ana ce wa abin NFT. Kowane zane ana yi masa shaida cewa shi kaɗai ne a duniya, mai shi ma ɗaya ne. Ya ce masu saye sun gaji da abin da inji ke tofarwa, suna neman wanda hannun mutum ya yi. Rabin bayanin ya bi ta saman kaina ya wuce. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma Anti, da zarar an sa shi ba ya gogewa. Har abada. Ko ni ban isa in cire ba."

Kuɗin na so su, ba zan yi ƙarya ba. Amma wannan maganar ta ƙarshe ita ta bi ni har gida.

Ya kawo mini wani faffaɗan allon gilashi da alƙalaminsa. Na yi kwana da kwanaki ina juya shi ban tsinana komai ba, don babu hannun da zan riƙe. Ya je ya sayo hannun roba irin wanda masu sayar da awarwaro ke kafawa a kan tebur. Na ce ya mayar, wannan ko cokali bai taɓa wankewa ba. Dabarar da ta zo mini daga baya ita ce in tuno hannun wata, in fara zana shi yadda yake, sannan in yi masa ƙunshi. Na zana hannun Bafillatanar da ke kawo mana fura da nono, da kantar damu a tafinta. Na zana na wata ma'aikaciyar jinya mai cin farce. Na zana na mai shagonmu, wadda man gyaran gashi ya ƙone wa kan yatsu. Na Yaya na bari sai ƙarshe. Na zana tabon da sheƙinsa da tattarewar gefensa, na zagaye shi da reshen, na lotsa inda nake lotsawa. Da na gama na kifa allon a kan katifa na yi kuka mai isata, na ce yau dai na ajiye ta inda sabulu ba ya kai wa.

Aka saye su kuwa, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sayi hannun Yaya wata mata ce a wata ƙasa mai nisa. Ta rubuto tana tambaya me ya sami mai hannun, ɗan Hajiya ya karanta mini yana fassarawa. Na ce a gaya mata ƙunar mai ce, kuma mai hannun ta rasu. Ta sake rubutowa ta ce ta lura akwai inda layin ya yi kauri a bayan ganye na uku, tana jin a nan na tsaya na ja numfashi. A nan ɗin kuwa na tsaya. Matar da ba ta taɓa shaƙar lalle ba ta ga abin da masu zama a gabana ba sa gani. Wannan wasiƙar ita ce mafi daɗin abin da na samu a harkar gaba ɗaya.

Bayan wasu watanni ya shigo shagon da fara'a, kwamfutarsa a hammata.

"Albishirinka, Anti. Kasuwa tana son yawa, to mun ba ta yawa."

Na ce, "Yallaɓai, hannuna ɗaya ne, shi ma da bayan la'asar ya fara ciwo."

Ya ce, "Ai ba sai ka wahala ba yanzu."

Ya buɗe ya nuna mini. Ashe ya yanyanka zanena ne gunduwa-gunduwa, ganye daban, reshe daban, ɗigo daban, ya zuba wa inji ya ce ya cuɗa. Injin ya cuɗa ya fito da dubbai. Ina ja da yatsa suna ta fitowa ba sa ƙarewa. Duka kuma hannu ɗaya ne, sumul, mai dogayen yatsu, sai dai launi da ake sauya masa, wani ruwan zinare, wani shuɗi kamar an tsoma shi a baban rini. Babu kanta, babu cin farce. A sama an rubuta da Turanci cewa aikin hannu ne daga Abuja, ga hoton yatsuna riƙe da alƙalami.

Ina cikin ja sai na ga reshen Yaya. Ya taso daga wuyan hannu, ya zagaye, ganyayen duk suna kallon ciki, amma abin da suke kallo babu shi. Fata ce lafiya lau a tsakiya. Lotsawar nan ta wajen babban yatsa ma an miƙe ta, zagayen ya fito cas kamar an kifa murfin kwalba an bi. Na ƙara ja na sake ganinsa a kan hannu kore, na sake gani a kan ruwan hoda.

Ya ga na tsaya, ya ce, "Wannan shi ya fi farin jini. Na ɗan gyara inda ya karkace ne kawai. Duk zanenka ne fa Anti, orijinal."

Na ce, "Wannan ƙunar yayata ce."

Ya ce Allah ya jiƙan ta, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Na ce na gode, to ya cire mini su. Sauran ya riƙe, ganye ne da ɗigo, na yafe. Wannan ɗin dai ya cire duk inda yake. Ya sosa ƙeya, ya dube ni da idon tausayi.

"Anti, ai na faɗa maka tun farko. Ba ya gogewa."

Ban zage shi ba, saboda uwarsa. Na dai miƙa masa allonsa da alƙalaminsa, na ce ya gaishe ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya, kuma har ya fita bai san abin da ya ɗauka ba. Shi a wurinsa reshe reshe ne, ko'ina aka ɗora shi ya zauna.

Kasuwar tasu daga baya ta faɗi, yadda na ji. Ya sami aiki a wata hukuma, ya yi ƙiba, in mun haɗu har yanzu yakan rusuna ya gaishe ni. Hotunan kuwa suka zube a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Na ainihin, mai tabon, yana can wurin matar nan, ban san ko tana buɗe shi ba. In 'yata ta bincika mini a waya ba ya fitowa, sai masu sumul ɗin, shafi bayan shafi.

Kwanakin baya aka kawo mini wata amarya, ita da ƙanwar mahaifiyarta. Yarinya ce mai hankali, ta gaishe ni da kyau, sannan ta miƙo waya.

"Anti, wannan nake so, sak. Na 'yan waje ne, an ce kwamfuta ce ta yi. Za ki iya kuwa?"

Reshen Yaya ne, a kan hannu ruwan zinare.

Innar tata ta ce, "Don Allah baiwar Allah ki bi hoton. An ce kina da ƙara naki, to wannan karon kada ki ƙara."

Na riƙe hannun yarinyar na jujjuya. Hannu ne mai kyau, ko ƙwarzane babu, kuma ba wannan zanen yake so ba. Na buɗe baki in ce to kamar kullum in yi abin da na ga dama, sai na ji na gaji. Na yanke bakin leda na faro daga wuyan hannu. Ban sake duban wayar ba, me zan duba. Reshen ya tafi da kansa, ya zagaye, ganyayen suka fito suna kallon ciki. Da na iso wajen babban yatsa hannuna ya lotsa, ban ma san ya yi ba sai da na ɗago.

Amarya ta kara hannunta da wayar, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Anti, nan kin ɗan karkace. A hoton zagaye ne sosai."

Innar ta leƙo ta taɓe baki. "Bar ta, ta yi ƙoƙari. Ai hannu ba zai taɓa kamo inji ba."

Na dubi filin da na bari a tsakiya, fata lafiyayya da ganyaye suka kewaye ba gaira ba dalili. Na ɗaure bakin ledata na mayar jaka. Shekara da shekaru ina jin haushin lalle don ba ya zama, ranar nan kuwa na gode wa Allah da ya yi shi haka.

Na ce, "Ki yi haƙuri 'yata. Lalle ne, zai goge."