Ranar da Na Tura Kawu Mati Hanyar Gabi

Shekara shida ke nan da muka kai Kawu Mati makwancinsa a nan Madarumfa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, masu moto, wato babur, kan taru a tasha su yi masa addu'a, a ce in yi magana tunda ni ne ɗan ƙanwarsa. Nakan miƙe in faɗi abin da kowa ya sani: shi ya koya wa rabinmu tuƙi, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai in zauna. Akwai abin da ban taɓa faɗa ba, bana kuwa na gaji da riƙonsa.

Wanda bai ga farkon fitowar jam'iyyu ba, ba zai gane girman tarbo ba. In babban baƙo zai zo mitin, wato taron siyasa, mu ne muke fita bakin gari mu tarbo shi, mu jero biyu-biyu, oda na tashi, mata na guɗa, har filin taro. Muna da ƙa'ida guda: wanda ya fi kowa daɗewa a kan moto shi ke jan gaba, kuma muddin yana wurin, ba mai wuce tayarsa. Kawu ne ke jan gaba, da farar rigarsa da tsohon motonsa da yake gogewa har ka ga fuskarka a tanki.

To, sai shekaru suka zo. Yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. A wani tarbo da muka yi a Ɗan Issa, direban baƙon ya yi ta danna mana oda a baya. Da muka shiga rairayi Kawu ya yi tangal-tangal ya sa ƙafa ƙasa, layin duka ya tsaya, 'yan kallo suka kwashe da dariya. Washegari samari suka same ni, don ni ne sakataren masu moto. Suka ce, "Lawali, kawunka ne, kai za ka yi mai magana." Ina! Da wane baki zan ce wa mutumin da ya fara ɗora ni kan moto ya koma baya?

Abin da na kasa faɗa da gaskiya sai na yi shi da ƙarya. Da aka sa wani mitin a tsakiyar damina, na je gidansa da hantsi, na tarar ya shirya tsaf. Na ce, "Kawu, an canza shiri. Baƙon ta Gabi za ya biyo. Ka yi gaba ka tsaya mamu gindin tsamiyar nan, muna nan tahe." Ya ɗan dube ni. "Ta Gabi?" Na ce ta Gabi. Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ya tayar da moto ya kama hanya.

Mu kuwa muka nufi hanyar Maraɗi, ni a gaba. Wallahi na ji daɗin ranar, kuma wannan shi ya fi ba ni kunya. Ya dawo bayan la'asar, na tare shi da cewa an sake canza shiri. Ya ce, "Ba komi, Lawali, harkar manya ce." Bai ƙara fita tarbo ba, in an tambaye shi sai ya ce ido ne. Kafin wata damina ya kwanta ciwon da ya tafi da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga tarbon yanzu. A da mukan cika hanya, yau sai an bi mutane gida-gida. Sa'anninsa wasu sun sayar da moto, wasu ciwon baya ya hana su hawa. Samari kuma kabu-kabu ya fi musu, ko su ƙetara Nijeriya cin rani. 'Yan kaɗan da suka fito, wanda ya fi gudu shi ne gaba. Ina jin dattawa na cewa zamani ne ya kashe ƙa'idar. Ni kuwa na san ranar da ta mutu, na kuma san wanda ya yi aikin.

Watan jiya na je gaida matarsa, Inna Hajo, na same ta tana ɓarar gujiya. Ban san lokacin da na zazzage mata komai ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ya sani. Kwana biyu kahin nan ruwa ya yanke hanyar Gabi, ko amalanke ba ta wucewa, shi da kainai ya gani da ya tahi gona. Na ce mai, to mi za ka yi can? Ya ce in ya zamna gida, Lawali za ya gane an gane shi, kunya ta hana shi sake shigowa gidan nan. Na zuba mai ruwa a gora, ya je ya wuni."

Moton an sayar, tarbon ya lalace, nan gaba kaɗan ko sunansa ba za a tuna a tasha ba. Abin da ya rage na Kawu Mati shi ne shekarun nan da na yi ina shiga gidansa, ina cin tuwo, ina ganin dabarata ce ta rufa mini asiri. Allah ya ji ƙansa, ya yafe mini.

Tun ranar ban iya komawa ba. In na zo kusa da ƙofar sai in karkatar da moto in bi wani lungu. Jiya Inna Hajo ta aiko a gaya mini in zo, kada in sa wunin da mijinta ya yi a hanyar Gabi ya tashi a banza. Gobe bayan azahar zan je.