Ungozoma Zumreta da Direban Bas

Shekara ashirin Zumreta ta yi tana karɓar haihuwa a wani ɗan gari a gabashin Bosniya, gidajen Musulmi da na Sabiyawa duka, kafin yaƙi ya zo a loda Musulmin garin a bas, har da ita, a kore su. A hanya aka sauke ƙanenta Nedim da wasu maza goma sha ɗaya. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Da ƙura ta lafa sai ta koma. Milorad, wanda ya tuƙa bas ɗin, yana nan a gidansa, ko ido ba ya iya haɗawa da ita, don ita ta yanke wa 'ya'yansa biyu cibiya. Sai ta tsiri zuwa gaida matarsa duk Laraba, a sha gahawa, a yi hirar ciwon gwiwa. Shekara uku ba ta tambaye shi komai ba. Ran nan ya rako ta bakin ƙofa, ya ce, "Maƙwabciya, gobe ki sa takalmin shiga daji." Ya kai ta inda aka binne Nedim da sauran mazan.

Yanzu ta haura saba'in. Wata cibiya a Sarayebo, babban birnin ƙasar, mai horar da farar hula kan aikin sulhu a ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita takan turo mata ɗalibai duk bazara, lauyoyi da malamai da ma'aikatan jinya. Ita da Milorad suke zama da su a tsakar gidanta.

"Ku ɗaga murya, tsohon nan kurma ne," in ji ta.

"Surutunki ne ya kashe mini kunne," in ji shi.

Bara wata lauya 'yar Fotugal, Leonor, wadda za a tura Sudan ta Kudu, ta kasa haƙuri. Ta ce, "Inna, kin yafe masa ke nan?"

Zumreta ta juyo ta dube ta.

"Ban ce ba, 'yata. Akwai ranakun da ko inuwarsa ba na son gani. Amma gida goma sha biyu sun san inda za su tsaya su yi addu'a. Da na tsare shi da tambaya a makon farko, da har yau muna nema."

Milorad ya zuba wa hannuwansa ido. Leonor ta rufe littafinta a hankali ta ajiye a ƙasa.

Zumreta ta miƙa wa tsohon wuƙa. "Yanka musu burodi mana, baƙi na jin yunwa."