Ranar da Aka Karrama Baba Ba-Fashi

A kamfanin sabulun nan babu mai kiransa da sunansa na yanka. Baba Ba-Fashi, shi ke nan. Tun yana da baƙin gashi yake tsaye kan injin yanka sabulu, har soda ta cinye masa farata. Ko zazzaɓi na kaɗa shi sai ya ɗaure kai da tsumma ya taho. Abokan aiki kan tsokane shi da cewa ranar da ya mutu ma sai ya leƙo aiki kafin a kai shi.

Abu ɗaya ke ci masa rai, 'yarsa Auta. Ranar da jikin mahaifiyarta ya tsananta a asibiti, Auta ta riƙe masa riga ta ce, "Baba, yau dai ka zauna." Ya ce zai je ya dawo da wuri. Kafin a tashi aiki rai ya yi halinsa. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Da kamfani ya ce zai karrama shi, sai dattijo ya ga kamar hanya ta samu. Ya je har shagon ɗinkinta, ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya ce, "Ki zo mana, ko na ɗan lokaci ne." Ta ci gaba da ɗinkinta. Amma ana jibi taron ta aiko masa da sabuwar riga, ɗinkin hannunta. Ya yi ta shafa ta kamar bai taɓa ganin yadi ba.

Ranar kuwa ta zo. An share ɗakin ajiyar kaya, an jera kujerun roba, ƙamshin sabulu ko'ina. Auta ta zauna a layi na biyu, har ta ɗaga masa hannu. Daɗi ya kashe shi.

Sai manaja ya karɓi lasifika. Yaro ne mai kirki, wallahi ba da mugunta ya yi ba, bakin ne ba linzami.

"Wannan bawan Allah," in ji shi, "an ba ni labari, ranar da maiɗakinsa ke kwance rai a hannun Allah, nan ya yini kan injinsa. Ku yi koyi da shi."

Wuri ya kaure da tafi. Aka ɗora masa ƙaton kwalin fanka a hannu. Ta saman kwalin ya hango Auta ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ratsa kujeru ba gaggawa, ta nufi ƙofa. Ya so ya yar da kwalin ya bi ta, ya faɗa mata shi ma bai yafe wa kansa ba.

"Baba, tsaya nan," in ji mai hoto. "Ɗan murmushi."

Mutumin da bai taɓa musu a wurin aiki ba. Ya tsaya, ya yi murmushin.