Tallan Abin da Ban Taɓa Ci Ba

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, wani mutum da ya daɗe a Duwala ya dawo Garuwa ya buɗe shagon hambaga. Nan da nan gari ya ɗauka. Burodi ne zagayayye da niƙaƙƙen nama a tsakiya, amma yadda ake zancensa sai ka ce tsarabar Makka ce. A allon ƙofar shagon an zana iri uku: mai nama ɗaya, mai cuku, da wani mai hawa biyu da suka sa wa suna direban Pitowa, wai sai mai tuƙa motar auduga ke iya cinye shi.

Yayar ƙawata tana aiki a gidan rediyo. Ita ta gaya mini mai shagon ya sami masu rera masa talla da Faransanci da Fillanci, saura Hausa. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a raba ni da waƙa, ko wanke-wanke nake yi. Ban yi shawara da kowa ba. Ranar Laraba da rana, da yake ba mu da karatu, na tare ɗan moto ya kai ni gidan rediyon a babur ɗinsa.

Suka sa mini abin ji a kunne, na rera sau huɗu: "Taho da yunwa, koma da dariya, hambaga mai daɗi har kunne!" Da aka juyo kaset ɗin na ji muryata, sai da tsigar jikina ta tashi. Murna kamar in yi tsalle. Sai a hanyar gida na tuna da Baba.

Baba atamfa yake sayarwa a kasuwa, sana'ar da ya gada tun daga kakansa da ya zo daga Kano. Rediyonsa kullum yana gefensa. A gidanmu kuma ko dariya mace ta ɗaga sai an ce ta rage murya. Na san idan ya gane ni zai iya cire ni daga makaranta, ga bak, jarrabawar gama sakandare, ta kusa.

Cikin mako guda waƙar ta cika gari. 'Yan moto na yi, masu tallan gyaɗa a Jambutu na yi, ƙannena na yi a tsakar gida ba su san muryar yayarsu ce ba. Ina jin daɗi ina jin tsoro, na rasa wanda ya fi yawa.

Wata Asabar bayan la'asar, ina kai wa Baba shayi, aka sako waƙar a rediyonsa. Ya saurara har ƙarshe.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ai ke ce."

"Ni ce, Baba."

"Kin taɓa cin abin?"

Ban taɓa ba. Ko ƙofar shagon ban taɓa takawa ba.

Ya tashi ya sa hula, ya ce in ɗauko mayafina. Na hau bayan babur ɗinsa, na ɗauka gidan rediyon za mu ya wanke su tas. Sai ga mu a shagon hambagan. Ya sayi direban Pitowa guda, ya tura mini.

"Tun da nake kasuwa," ya ce, "ban taɓa ce wa mace atamfa ba ta zuba ba sai na wanke ƙyallenta da hannuna. Ke kin gaya wa gari guda abu na da daɗi, ba ki ɗanɗana ba. Bismilla."

Na gatsa. Nama lami, ba yaji, ba albasa, cukun na manne wa dasashi. Tsiren bakin kasuwa ya fi shi nesa ba kusa ba.

"Yaya?" in ji Baba.

"Baba, ba yaji."

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har masu cin abinci suka waiwayo. Bai hana ni makaranta ba, bai kuma ƙara tada maganar ba. Amma tallan ya yi wata uku ana sakawa, kuma duk sadda muryata ta fito tana gaya wa Garuwa daɗi har kunne, sai Baba ya miƙa hannu ya ƙaro sauti, ya dube ni.