Ragowar Ruwan Buta da Bishiyar Alhaji

Har gobe ban manta da wata safiyar Litinin ta ƙarshen Janairu ba, ranar da na taɓa gindin bishiyar Alhaji yatsana ya lume kamar a ruɓaɓɓen tumatir. Ku da kuka fara aiki bana kun tarar da tukwanen fure uku a ƙofa kuna ta ɗaukar hoto. To ku gyara zama ku ji yadda suka zama uku.

A lokacin ban daɗe da zama mai kula da sito ba. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mukan karɓi kayan jama'a a nan Bronx, kusa da Fordham Road, mu ɗaure, mu loda a kwantena, mu aika Kano ko Yamai ko Kumasi. Hajiya Rabi ce mai kamfani tun rasuwar mijinta, daga ita sai mai kula da sito, sai direbobi da masu lodi. Bishiyar kuwa marigayi Alhaji ne ya saye ta tana ƙarama, don irinta ce a tsakar gidansu a Maraɗi. A nan ana kiranta fulumeriya. Furenta fari ne mai rawaya a tsakiya, ƙamshi kuwa sai wanda ya ji.

'Yar ƙasar zafi ce kamar mu, ba ta shiri da sanyin New York. Ƙa'idarta, a shigo da ita ciki tun Oktoba, ta zubar da ganyenta ƙaf ta yi barci, kuma ba a ba ta ruwa sai bazara. Duk shekara Hajiya ke tafiya da ita gidanta, amma a wancan karon ita Hajiyar za ta yi hunturun a Maraɗi, sai ta damƙa mini ita.

"Garba," ta ce, "kayan mutane in sun ɓata ana sayen wasu. Wannan ba ta da madadi, ita kaɗai Alhaji ya dasa da hannunsa a ƙasar nan. Kada a ba ta ruwa, ko ɗigo."

Na ce an gama. Na nema mata lungu nesa da ƙofa, nesa da hita, kusa da inda muke alwala. Na tara ma'aikata na faɗa musu umarnin Hajiya, kowa ya ce to. Ganye ya zube, ta koma ƙirare, ni kuma ina wucewa ina yaba kaina.

Sai ranar nan na ji wani tsami-tsami daga lungun. Na sa hannu a tukunya, ƙasa jagab. Raina ya ɓaci, na ƙwala kira kowa ya bar lodi ya zo. Na ce wa ya zuba ruwa? Kowa ya hau kallon takalminsa.

Malam Isufu ne ya fara magana, dattijon masu lodi, mutumin Tawa. "Bon, Garba, ni ba ni ƙarya. Ragowar buta nika ba ta in na ƙare alwala. Garinmu bisa jaki muka ɗauko ruwa mu ba dashe. In ga icce shina ƙishirwa in wuce? Walla ba ni iyawa."

Awudu direba, ɗan Kumasi, ya sosa ƙeya. "Masta, ni ma fa ina zuba mata sumol-sumol, ɗan kaɗan-kaɗan. Na zata ni kaɗai ne."

Ɗaya bayan ɗaya hannaye suka tashi. Ashe azahar, la'asar, magariba, kowa na neman ladansa a ɓoye. Na rasa ko in yi faɗa ko in yi dariya. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, nan take na kira Hajiya ta bidiyo.

Na nuna mata gindin, ta duba shi da kyau. Can ta ce, "Matsa mini kawunan rassan." Na matsa, tauri gam. Sai muryarta ta tashi: "Tana da rai! Gindin ya tafi, amma saman na nan. Ku kawo wuƙa!"

Kai, ban taɓa ganin sito ya rikice haka ba! Awudu ya zura wuƙar yankan kwali a tafasasshen ruwan shayi, wani ya riƙe waya, Malam Isufu ya tallafe reshe kamar jariri. Hajiya ta ce in yi ta yanka ina hawa sama har sai na ga tsoka fara tas, kuma mu kiyaye idanunmu, don ƙaron yana da zafi. Na yanka, ciki baƙi. "Ƙara sama!" Na ƙara, har yanzu da ɗigon ruɓa. Gumi ya keto mini, alhali dusar ƙanƙara ke zuba a waje. Na yi bismilla na sake yanka, sai ga tsoka fara sol, farin ruwa na ɗiga kamar nono. Wurin ya ɗauki kabbara! Awudu har da tsalle. Haka muka ceto rassa uku, muka shafa wa bakin yankan tokar kaskon turare, muka jera su a kan kanta su bushe.

Kafin ta kashe waya Hajiya ta ce a ba ta dattijon. "Baba Isufu, bishiyar kuka da rani wa ke ba ta ruwa?"

Ya ce, "Babu kowa, Hajiya. Da ruwanta ciki."

"To wannan ƙanwarta ce."

Daga ranar Malam Isufu ya zama mai gadin rassan nan. Ko da kofin shayi ka gitta ta wurin sai ya harare ka. A Afrilu muka dasa su a ƙasa mai yashi, muka zuba ido. Makonni suka shuɗe shiru, har na fara raba dare ina juyi. Sai wata safiya a Mayu na ji dattijo na ihu daga lungu: "Garba! Taho ka gani, ta buɗe ido!" Ɗan jan tsiro ne kamar farcen kaza, amma wallahi murnar da na yi ko ranar da na sami aikin nan ban yi irinta ba. Cikin mako biyu sauran ma suka biyo.

A Agusta ɗaya ta yi fure. Hajiya ta sunkuya ta shaƙa, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Alhaji ya bar ɗaya, kun mayar mini uku."

Abin da na koya shi ne, a aikin riƙon kayan mutane ba ɓarawo kaɗai ke ɓarna ba, mai tausayi ma yana yi. Mutanenmu kuma ba sa bin doka don an faɗa, sai ta zauna musu a zuciya, kamar yadda zancen kuka ya zauna wa dattijo. Oktoba na tafe, ku za ku shigo da tukwanen nan. Duk wanda tausayi ya kama, ya shanye ragowar butarsa, don Malam Isufu na kallonsa.